Baba ba shi da zance sai na da, ko ciwo ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah ki taimaka min. Babanmu ya haura saba'in, tun da ya ajiye aiki kullum zancensa ɗaya, yadda masaƙar Gusau ke cike da ma'aikata, yadda suke hawa jirgin ƙasa zuwa Ƙaura Namoda, da keken da ya saya da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, in kin sa baki ya ce ku yaran ga mi kuka sani. Abin dariyar ma ƙanwata 'yar shekara 28 ita ma ta fara, wai tana kewar lokacin 2go da Nokia mai tocila. Ko dai matsala ce?
Daga Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba ciwo ba ne. Da can kam an ɗauki irin wannan kewar da a matsayin cuta, a 1688 wani ɗalibin likitanci a birnin Basel na ƙasar Switzerland mai suna Johannes Hofer ya rubuta ta a matsayin ciwon da ke kama waɗanda suka yi nisa da gida, amma yanzu masana halayyar ɗan Adam sun bar wannan maganar.

Ki yi lissafi mana, kuɗin Udoji maganar 1974 ce, lokacin Baba yana ɗan ashirin da wani abu, jini na tafasa, gwiwa lafiya lau, abokai duk suna raye. Bincike ya daɗe da nuna cewa abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 shi ya fi zama daram a ƙwaƙwalwa, a nan ne ake albashin farko da aure da haihuwar fari. Kuma ɗacin abu ya fi saurin gushewa a zuciya fiye da daɗinsa, shi ya sa ba kasafai za ki ji ya ambaci farin 1973 da ya kashe dabbobi a Arewa ba, alhali a gabansa aka yi. Ni dai a ganina rabin kewar ta masaƙa ce, rabin kuma ta saurayin da ke taka keke zuwa can da safe. Amma fa kar a ce duk ruɗin tsufa ne, mutumin da ya saba tafiya Ƙaura ba fargaba yau ana masa lissafin hanya kafin ya fita, yana da gaskiyarsa wallahi.

Ita kuwa ƙanwarki wayar hannunta ce ke tuna mata, Facebook ya jefo mata hoton shekara goma baya ga tsadar rayuwa, dole ta tuna lokacin da damuwarta ba ta wuce kati da caji ba.

Masana halayyar ɗan Adam su Constantine Sedikides na Jami'ar Southampton a Ingila sun gano kaɗaici na cikin manyan abubuwan da ke taso da kewar da, kuma ita kewar tana rage shi. To in Baba ya fara kar ku tashi ku bar shi, ki kawo masa shayi ki tambaye shi wa ya koya masa aiki, nawa ya sayi keken, ki ma ɗauki muryarsa a waya. In dai kin ga ya daina cin abinci ko barci, ko yana mance sunayenku da hanyar masallaci, wannan kam ku kai shi asibiti a duba shi.