Na sauya ƙotar bindigata, sai saitinta ya lalace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, ina kuma fita farautar barewa da lasisi. Bindigata Remington 700 ce mai cin harsashin .308. Da ƙotarta ta asali, harbi uku kan taru cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100. Na sayi sabuwar ƙota mai tsada na ɗaura da kaina, yanzu harsasan sun warwatse har inci huɗu. Mene ne ya faru, kuma ko in sauya kunamar ma?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bututunka lafiyarsa lau, tunda jiya-jiya yana harbi daidai. Abin da ya sauya shi ne zaman ƙarfe a cikin ƙota, don haka can za mu nufa. Kafin komai, zare sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu, ka leƙa cikin bututun, ka tabbatar babu harsashi ko ɗaya.

Remington 700 ta fito a 1962, kuma kusan babu bindiga mai sakata da aka fi ƙera wa kayan ƙari kamarta. Wannan yalwar ce ke sa mutane su ɗauka cewa duk abin da aka rubuta wa 700 zai zauna daram. Gidan sakatarta zagayayye ne kamar bututu, noti biyu ne ke riƙe shi a ƙota, sannan tsakaninsa da bututun akwai wani faffaɗan harshen ƙarfe da ke shiga gurbi a cikin ƙotar. Wannan harshen ne ke ɗaukar shurin da bindiga ke yi idan an harba. In bai jingina da bangon baya na gurbinsa ba, ƙarfen zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan a kowane harbi, kuma motsin da ido ba ya gani a hannunka yakan zama inci biyu ko uku a yadi 100.

Sassauta notocin biyu. Tsai da bindigar a kan gindinta, bakinta sama, domin nauyinta ya zaunar da harshen a inda ya dace. Fara ɗaure na gaba, sannan na baya, kaɗan nan kaɗan can. Ka nemi sufana mai awon ƙarfi, domin hannu ba ya maimaita ɗauri iri ɗaya. Kamfanin H-S Precision, mai ƙotoci masu shimfiɗar alminiyam a ciki, inci-fam 65 yake cewa a ɗaure, a ma'aunin ƙarfin ɗauri na sufanar. Ƙotar katako wadda babu ginshiƙan ƙarfe a ramukan notinta ba ta jure haka, katakon zai lotsa, sai ka bi adadin da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta.

Daga nan ka naɗa takardar dala a ƙarƙashin bututun, ka ja ta daga gaban ƙota zuwa baya. Yawancin sababbin ƙotoci an yi su ne don bututu ya tsaya a sarari ba ya taɓa komai. Inda takardar ta cije, nan ƙota ke dannar ƙarfe, kuma da bututun ya ɗauki zafi harsashi zai fara yawo. Ana kankare wurin a jikin ƙotar da samfefa a hankali.

Akwai abubuwa biyu da na fi yawan gani a wannan bindigar, kuma mutane ba sa tunaninsu. Akwatin harsashi yana buƙatar ɗan sakewa. Idan ya matse tsakanin gidan sakata da farantin ƙasa, to a kansa kake ɗaure notocin, ƙarfen kuma yana lilo. Sai tsawon notin gaba: in ya wuce kima yakan leƙo ciki ya taɓa haƙorin sakata. Idan ka ji sakatar ta yi tauri wajen rufewa bayan sauyin, shi ne. Duba notocin madubin saiti ma, don sau da yawa su ne ke kwancewa ana zargin ƙota.

In duk ka yi wannan ba ta daidaitu ba, ƙotar na buƙatar shimfiɗar gam mai haɗi biyu, wadda za ta ɗauki siffar ƙarfenka daidai. Aiki ne mai kyau, amma wanda ya manta shafa maganin hana mannewa zai haɗe bindigarsa da ƙota har abada. Karon farko, kai wa maƙerin bindigogi ka tsaya ka kalla.

Batun kunama kuwa, ka dakata. In ka sauya abu biyu a lokaci guda ba za ka san wanne ya gyara, wanne ya ɓata ba. Kuma wuri ne da garin neman gira ake rasa ido: kunamar da aka sassauta fiye da kima takan tashi da an rufe sakata ko bindiga ta faɗi. A 2014 Remington ya janye bindigogin 700 masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga Mayun 2006 zuwa Afrilun 2014, saboda wasu na iya tashi ba a taɓa su ba. Idan fuskar kunamarka sumul take babu zane-zane, kuma bindigar ta waɗannan shekarun ce, maƙeri ya duba ta kafin ka sake sa mata harsashi.

Ranar gwaji ka yi amfani da irin harsashin da ka saba, ka ɗora bindigar a kan buhunan yashi, ƙota ce za ta hau buhun ba bututu ba, ka kuma bar ta ta huce tsakanin kowane harbi uku.