Ina matan suka shiga a tarihin zane-zane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, ina aji biyu a jami'a. Tun da muka fara darasin tarihin fasaha, sunayen maza kaɗai muke haddacewa: Leonardo, Michelangelo, Rembrandt, Picasso. Da na yi magana, wani ɗan ajinmu ya ce ai mata ba a ba su wannan baiwar ba, kuma masu binciken da ke tono sunayen mata neman suna kawai suke yi da sunan daidaito. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayar nan taki ta girme ki, don ta haura shekara 50 tana hana masana barci. A watan Janairun 1971 wata malamar tarihin fasaha a Amurka, Linda Nochlin, ta buga maƙala a mujallar ARTnews tana tambayar abin da ya sa ba a sami manyan mata masu zane ba. Abin da ya ba maƙalar ƙarfi shi ne ba ta yi wa kowa daɗin baki ba. Ta amince cewa babu macen da tarihi ya ajiye a sahun Michelangelo ko Rembrandt. Sai ta ce a bar gardama kan baiwa, a je a duba yadda ake zama mai zane a wancan zamani: wa ake ɗauka almajiri, wa ke shiga makaranta, wa sarakuna da coci ke ba kwangila. Har ta kawo misalin 'ya'yan masu sarauta na Turai, waɗanda su ma da wuya a ga babban mai zane a cikinsu, amma ba wanda ya taɓa cewa jininsu ne ba shi da baiwa.

Bari in nuna miki ƙofar da aka rufe. A Turai ta ƙarni na 17 zuwa na 19, zanen da ya fi kowane daraja shi ne na manyan labaran tarihi da na addini, mai cike da mutane. Ba a iya shi sai an yi shekaru ana koyon zana jikin mutum, ana kallon wanda aka tsayar ba tufafi a gaban aji. Mata kuwa an hana su shiga wannan aji. Da aka kafa Royal Academy, babbar ƙungiya kuma makarantar masu zane, a Landan a 1768, mata biyu na cikin waɗanda suka kafa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser. Bayan 'yan shekaru Johann Zoffany ya zana hoton 'yan ƙungiyar gaba ɗaya a ɗakin koyon zanen jiki. Ki nemi hoton a intanet ki duba da kyau. Maza ne cike da ɗaki, wasu a zaune, wasu a tsaye suna hira, suna nazarin mutumin da aka tsayar. Matan biyu fa? Ɗaga kai za ki yi zuwa bangon dama: ga su can, hotuna biyu a rataye. Sun kafa gida, amma ba su da damar taka ɗakin da ake koyon ainihin sana'ar. Bayansu, sai a 1936 aka sake zaɓar mace cikakkiyar mamba, wato Laura Knight. Babbar makarantar fasaha ta Faris ma sai a 1897 ta fara karɓar mata. Don haka in kin lura, matan da suka yi fice a da, yawancinsu a gida suka koya. Artemisia Gentileschi ta Italiya, wadda aka haifa a 1593, a shagon mahaifinta Orazio ta fara riƙe burushi.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi ci mini rai, domin ya shafi matan da suka tsallake duk waɗannan shingaye suka yi aikin, sannan aka ba wani ladan. Judith Leyster 'yar garin Haarlem ce a ƙasar Holan. A 1633 ta shiga ƙungiyar masu zanen garin, har tana da almajirai maza. Takan sa hannu da haruffan J da L haɗe da ɗan tauraro, saboda sunan gidansu na nufin tauraron da ke nuna hanya. Ta rasu a 1660, sunanta ya ɓace fiye da shekara 200, aka riƙa sayar da ayyukanta da sunan Frans Hals, shahararren mai zanen garin, ko na mijinta. Sai a 1893 wani masani, Cornelis Hofstede de Groot, ya gane alamar tata, bayan an tarar da ita a ƙarƙashin sa hannun Hals na jabu a wani zane da yanzu ke gidan tarihi na Louvre. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ki faɗa wa ɗan ajinku cewa masu saye sun biya kuɗin Hals a kan wannan zane ba tare da sun ga wani nakasu a cikinsa ba. To ina baiwar da ya ce babu?

Irin haka ya faru a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Wani zanen budurwa zaune bakin taga tana zane, na 1801, an daɗe ana yabonsa a matsayin aikin Jacques-Louis David, shahararren mai zanen Faransa. A 1951 bincike ya nuna ba nasa ba ne, a 1996 kuma aka danganta shi ga wata mata, Marie-Denise Villers.

Kin ga irin aikin da masu binciken nan ke yi: duba sa hannu, bin rajistar ƙungiyoyin sana'a, karanta wasiyyoyi da takardun ciniki, wani lokaci har haska zane da na'ura a ga abin da ke ƙarƙashin fenti. Wani lokaci kuma ƙirga kawai ake yi. Littafin tarihin fasaha na H. W. Janson da ya fito a 1962, wanda ɗalibai da yawa a Amurka suka yi karatu da shi, babu mace mai zane ko ɗaya a cikinsa sai a bugun 1986. A 1989 ƙungiyar mata masu fasaha ta Guerrilla Girls ta ƙirga a Metropolitan, ta tarar mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu zanen da ke sashen zamani ba, alhali kashi 85 na hotunan tsiraici na mata ne.

Zan ba ɗan ajinku gaskiyarsa a wuri ɗaya. Yanzu da kasuwa ta farka, akwai dillalan da ke kambama duk zanen da aka ce na mace ne don farashi ya tashi. Wannan ciniki ne, kuma mai bincike na ƙwarai yana da haƙƙin cewa wannan aikin matsakaici ne ko da na mace ne. Nochlin da kanta ta yi gargaɗi kan zuzuta abin da bai kai ba.

Sauran magana ta shafe mu kai tsaye. A 1981 masana tarihin fasaha Rozsika Parker da Griselda Pollock sun nuna cewa rabon da aka yi tsakanin "fasaha" da "sana'ar hannu" shi kansa ya bi layin jinsi: zanen fenti da sassaƙa a sama, saƙa da surfani da ginin tukwane a ƙasa, ba a ma damu da rubuta sunan mai yi ba. Ɗauko naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke aikin tukunya a wurin Ladi Kwali ce, 'yar Gbagyi daga garin Kwali. A wurin gwaggonta ta koyi gini, tana ɗora yumɓu da hannu har randa ta tashi, sannan ta zana mata ƙadangare, kunama, kifi, hawainiya. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta, a fadarsa ne Bature maginin tukwane Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a can. An baje kolin aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ni dai kullum na ga takardar nan sai in tuna gwaggon da ta koya mata, da ɗimbin maginan ƙauyukan nan da randunansu ke cikin gidajen tarihi ɗauke da sunan ƙabila kawai.

Tunda kina aji biyu, kina da lokaci kafin aikin binciken kammala digiri. Ki je wurin mata masu ɗinkin hula, masu saƙar faifai, masu ginin tukwane na yankinku. Ki nemi izini tukuna, na su da na mutanen gidansu. Ki rubuta cikakken sunan kowace, wa ya koya mata, me ake kiran kowane zane, wane ne ita ta ƙirƙiro, nawa ake saye a hannunta kuma nawa ake sayarwa a kasuwa. Ki ɗauki hoton aikin, ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatun sashenku.