Filin Amsoshin Tambayoyinku: Bin Gaɓar Teku da Jirgin Filafilai Zuwa Ruwan Ɗumi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sha jin labarin mutanen da suke barin arewacin Amurka da Turai a cikin ƙananan jiragen ruwa masu filafilai idan sanyi ya gabato, suna bin gaɓa zuwa kudu. Me ya sa suke tashi kusan lokaci ɗaya, kuma wace hanya suke bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yanayi ne yake yanke musu ranar tashi, domin suna tsakanin haɗari biyu. A Tekun Atlantika lokacin manyan guguwa yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, saboda haka wanda ya yi gaggawar gangarawa kudu zai iya faɗawa cikinsa. Wanda ya yi jinkiri kuwa, hunturu zai riske shi a arewa da iska mai ƙarfi da gajerun ranaku. Kamfanonin inshora da yawa ma sukan gindaya sharaɗin kada jirgi ya wuce wata iyaka ta kudu kafin farkon Nuwamba, shi ya sa ake ganin jiragen sun yi jerin gwano a ƙarshen kaka.

A gabashin Amurka akasarinsu suna bin wata hanyar ruwa ta cikin gida wadda ta haɗa koguna da tafkuna da magudanan da aka haƙa, tana tafiya a bayan tsibiran da suka kare ta daga teku. Ana fara ƙirga nisanta daga Norfolk a jihar Bajiniya, kuma daga nan zuwa Miyami kimanin mil 1,090 ne, wato wajen kilomita 1,750. Hanyar tana da nata sharuɗɗa. Yawancin gadojinta marasa buɗewa an gina su ne da tsayin ƙafa 65 daga fuskar ruwa, don haka jirgin da sandar filafilansa ta fi haka dole ya fita teku, wasu gadojin kuma suna buɗewa ne a ƙayyadaddun lokuta, sai matuƙi ya kira mai kula da gada ta rediyo ya jira. Akwai wurare, musamman a Jojiya da Karolina ta Kudu, inda yashi ya cike hanya har ba a iya wucewa sai teku ta ciko. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan hanya injin ne yake yin mafi yawan aikin, domin ƙuncinta ba ya barin a sarrafa filafilai yadda ake so.

Na Turai kuwa sukan tsallake Mashigin Biske, wato yankin tekun da ke tsakanin yammacin Faransa da arewacin Sifen, tun kafin guguwar kaka, su bi gaɓar Sifen da Fotugal, su nufi Tsibiran Kanari da ke kusa da gaɓar arewa maso yammacin Afirka. Daga birnin Las Palmas na waɗannan tsibirai ne ayarin jirage na shekara-shekara, wanda aka fara a 1986, yake tashi a ƙarshen Nuwamba zuwa yankin Karibiyan, tafiyar kimanin mil 2,700 na teku.

Tambaya: Malam, a ganina bin gaɓa ya fi shiga tsakiyar teku aminci, tunda ƙasa tana kusa idan wani abu ya faru. Ko akwai abin da ban lura da shi ba?

Amsa: Wannan tunani yana da kama da gaskiya, amma ma'abota teku sun daɗe da sanin cewa ƙasa ce take fasa jirgi fiye da ruwa. A tsakiyar teku, idan iska ta tsananta, matuƙi yana da sararin da zai rage filafilai ya bar jirgin ya bi raƙuman ruwa har abin ya lafa. Kusa da gaɓa babu wannan sarari, kuma idan iskar tana busowa daga teku zuwa tudu, kowane minti tana ƙara tura shi kan duwatsu. Jirgin filafilai ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, mafi kusancin da yake iya yi shi ne wajen digiri 45, sai ya riƙa karkata dama da hagu, wanda ke nufin kuɓuta daga irin wannan gaɓa aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi.

Zurfin ruwa ma yana da tasiri. A Mashigin Biske ƙasan teku yana tasowa ne daga zurfin fiye da mita 4,000 zuwa ƙasa da mita 200 a ɗan taƙaitaccen nisa, sai raƙuman ruwan da suka taho daga nesa su miƙe tsaye su matsu da juna. A Amurka, tsinin ƙasar Hatteras da ke jihar Karolina ta Arewa ya yi ƙaurin suna har ana yi wa yankinsa laƙabi da maƙabartar Atlantika, saboda tudun yashi da ke ƙarƙashin ruwa da kuma haɗuwar igiyar ruwa mai ɗumi da mai sanyi, kuma kauce masa yana cikin manyan dalilan da suke sa ƙananan jirage bin hanyar cikin gida. Hatta bakin mashigar da mutum yake sa ran fakewa a cikinta yana iya zama wuri mafi haɗari a tafiyar, idan ruwa yana janyewa waje alhali raƙuma suna turowa ciki. A gaɓar Sifen da Fotugal kuma, tun daga 2020 an sami wata sabuwar matsala, inda manyan dabbobin tekun nan da ake kira orka suke lalata abin juya akalar jirage, har wasu jiragen suka nutse.

Misalin da ya fi fito da darajar haƙuri shi ne tsallakawa daga Filorida zuwa Bahamas. Daga Miyami zuwa tsibirin Bimini bai wuce kimanin kilomita 80 ba, tafiyar yini ɗaya, amma a tsakani akwai babbar igiyar ruwan ɗumi mai gangarawa arewa da gudun da yakan kai rabin na jirgin kansa. Idan iska ta buso daga arewa ta yi karo da ita, ruwan yakan tashi ya zama ba ya shiguwa ga ƙaramin jirgi. Don haka matuƙa sukan jefa anka, wato ƙarfen da yake kama ƙasan ruwa ya tsayar da jirgi, su zauna, wani lokaci mako guda ko biyu, har iskar ta juya ta koma kudu. A ra'ayina, babu abin da ya fi jefa matafiyan gaɓa cikin halaka kamar alƙawarin isa wani wuri a wata rana, domin shi ne yake sa mutum mai hankali ya karanta hasashen yanayi ya ga gargaɗi, sannan ya lallashi kansa ya fita.

Tambaya: Wane irin nisa ake ci a rana, kuma me ya wajaba mutum ya iya kafin ya fara?

Amsa: Matsakaicin jirgi yana tafiyar mil 5 zuwa 6 na teku a awa, kuma mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Mai tafiya da rana kawai yakan ci mil 40 zuwa 50, don haka daga Norfolk zuwa Miyami yakan ɗauki wata guda ko fiye idan aka haɗa da ranakun jira.

Game da iyawa, ina fifita abubuwa uku a kan tsadar jirgi. Dole mutum ya iya karanta taswirar teku da jadawalin cikowa da janyewar ruwa ko da na'ura ta mutu. Dole ya iya jefa anka, wanda sirrinsa yana cikin tsawon sarƙar da aka saki, ninki 5 zuwa 7 na zurfin ruwa, domin ja ta kwance ita ce take sa anka ya kama ƙasa. Sannan ya saba da rage filafilai tun iska ba ta fi ƙarfinsa ba. A bar rediyo a kan tasha ta 16, wadda ita ce ta neman agaji a duk duniya, a sa rigar ceto da igiyar ɗaure jiki da dare, kuma wanda bai taɓa kwana a teku ba ya fara bin gogaggen matuƙi a matsayin mataimaki na kaka ɗaya kafin ya ɗauki iyalinsa.