Hatimin da ke kan kwantararka ba zai bi ka Yamai ba

Malam, na karanta wasiƙarka. Ka ce kai ɗan Sakkwato ne, shekara biyu kana koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a nan Tawa, kwantararka sai ƙarshen Yuni za ta ƙare, ga wata makaranta a Yamai ta yi maka tayin albashi mai tsoka tana son ka fara a Janairu. A ganinka tunda akwai hatimin hukumar samar da aikin yi ta ANPE a takardarka, sai ka ɗauki jaka ka hau mota. Ban ga kwantarar da idona ba, don haka abin da zan faɗa yana iya sauyawa in na karanta ta. Amma in dai yadda ka bayyana ne, ka ɗauki hatimin nan fiye da matsayinsa.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce kwantarar baƙo sai a rubuce, kuma sai hukumar samar da aikin yi, wato ANPE, ta buga mata biza, hatimin amincewa ke nan. A lura, kwantarar aka buga wa biza, wadda ke ɗauke da sunanka da sunan wannan makarantar da wannan aikin. Ranar da ta mutu, bizar ta bi ta. Makarantar Yamai sai ta rubuta tata ta kai, kuma nema da ɗawainiyarsa a kan mai ɗaukar aiki suke, ba a kanka ba. In suka ce ka fara shiga aji, takarda ta biyo baya, ni dai ban ba ka shawarar yarda ba.

Ka kuma kawo maganar CEDEAO, wato ECOWAS, cewa tana ba ka damar zama da aiki a nan. Nijar ta fice tun 29 ga Janairun 2025. Gaskiya ne ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, sun ce ƴan CEDEAO na iya shigowa ba biza, amma shiga daban, zama daban, aiki daban. Ko a da, kwana 90 ne iyakar shigar nan. A Janairun 2025 ɗin ne kuma aka fitar da sabuwar doka kan shigar baƙi da zamansu, wadda ta ƙara tsauri. Na san mutum kan karya kumallo a Illela ya ci na rana a Ƙonni ba wanda ya kira shi baƙo, amma a idon doka baƙo kake, sai fa in ɗaya daga iyayenka ɗan Nijar ne, wannan kuwa wani babi ne. Duba ranar ƙarewar takardarka ta zama, wadda DST, sashen ƴan sanda mai kula da shige da fice, ke bayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ka tambaya ba. Kwantara mai wa'adi ba a ajiye ta da sanarwar wata guda kamar maras wa'adi. A ƙa'ida, kafin lokacinta ba ta yankewa sai da yardar ɓangarori biyu, ko babban laifi daga ɗayansu, ko wani abin da ya fi ƙarfin kowa. Ƙarin albashi a Yamai ba ya cikinsu. In ka watsar da ɗaliban ajin BEPC, masu shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, tsakiyar shekara, mai makarantar na iya neman diyya, kuma mai yiwuwa ya haɗa har da sabuwar makarantar in ta san kana ɗaure ta ɗauke ka. Jinkirin albashin wata biyu da ka ambata yana iya zama hujja a gare ka, ya danganta da abin da ke hannunka a rubuce. Amma alƙali ne zai auna girmansa, ba kai ba.

Shi kuwa mai makarantar da ya kulle fasfonka da digirinka na asali a durowa wai don kada ka gudu, ban san inda ya karanto wannan ba. Takardun naka ne. Rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata ka neme su, ka sa sakatare ya buga hatimin karɓa a kwafinka.

Ba na son ganinka a kotun ƙwadago. Shari'a na cin watanni, kai kuma baƙo ne mai takardar zama da ke da ranar ƙarewa. Ka samu dattijon da mai makarantar ke jin kunyarsa ku zauna. Ka yi masa tayin kammala zangon da ake ciki, ko ka kawo wanda zai gaje ka, shi kuma ya biya bashinka ya sake ka, ku sa hannu ku biyu. In ya ƙi, ofishin sufeton ƙwadago na nan Tawa aikinsa ke nan, ya kira ku ya sasanta, ya rubuta abin da aka cimma. Takardar shaidar aiki da lambarka ta asusun fanshon ma'aikata na CNSS kuwa, ba sai na ce ka karɓa ba.

Kada ka miƙa takardar barin aiki sai kwantarar Yamai ta zo hannunka a rubuce. In kuma za su iya jiranka zuwa buɗe makarantu a Oktoba, rabin wannan wahalar ta kau. Ka tambaye su wannan tukuna, sannan ka kawo mini kwantarorin biyu in duba.