Tambaya da Amsa: Wai me ake tunawa a Nomandi?

Tambaya: Malam barka da aiki. Duk shekara in Yuni ya kama sai in ga shugabannin Turai da Amurka sun taru a bakin teku a Faransa suna ajiye furanni, ga wasu tsofaffi tukuf a keken guragu da lambobin yabo a ƙirji. Wai me ake tunawa ne?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Ranar 6 ga Yuni 1944 ake tunawa, lokacin yaƙin duniya na biyu, ranar da sojojin Amurka da Birtaniya da Kanada da ƙawayensu suka tsallako teku daga Ingila suka dira gaɓar Nomandi don ƙwato Faransa daga hannun Hitila. Soja kusan 156,000 a yini ɗaya, jiragen ruwa kusan 7,000, Janar Eisenhower ne babban kwamanda. Da ma ran 5 aka shirya, iska da igiyar ruwa suka sa aka ɗaga.

Wuri biyar suka sauka, Utah, Omaha, Gold, Juno da Sword, amma a Omaha abin ya fi muni don Jamusawa na saman tudu da bindigogi masu aman wuta sun kafa su suna jira, ana sauke ƙofar kwale-kwale sai ruwan harsashi, wasu ma ko ƙasa ba su taka ba nauyin kayan da ke bayansu ya nutsar da su. Sojan ƙawance sama da 4,400 suka mutu ranar, da yawansu samari ne ko aure ba su yi ba, wallahi nan ne yake taɓa min zuciya.

A maƙabartar Amurkawa ta Colleville akwai kaburbura sama da 9,300, ga kuma bango da aka rubuta sunaye 1,557 na waɗanda aka nema aka rasa. Jamusawa ma na da tasu a La Cambe, mutum sama da 21,000.

Su kuwa tsofaffin da ka gani ragowar waɗanda suka sauka ne, yanzu shekarunsu sun doshi ɗari ko sun wuce. Abin da nake so a riƙa ambata sosai a wajen taron shi ne farar hula, Faransawa kusan 20,000 suka rasu a yaƙin Nomandi, da yawa bama-baman masu zuwa ceton nasu ne suka faɗa musu, kamar mutanen birnin Caen.