Watanda ko akuya? Amsoshin tambayoyinku na Kirsimeti

Anti, ina zaune a wani ƙauye kusa da Kachia. Maigida ya sayar da citta ya ba ni kuɗin nama. Mu tara ne a gida, ga baƙi za su zo daga Kaduna. In shiga watandar saniya da ake yi a cocinmu, ko in sayi akuya ni kaɗai?
Maman yara

'Yar'uwa, shiga watanda. A makon Kirsimeti kowa akuya yake nema, dillalai kuma sun san haka. Idan aka feɗe ta, aka cire fata da kai da ƙafa, abin da ya rage ba zai kai gidan mutum tara Sabuwar Shekara ba. Kason watanda kuwa yakan zo da tsoka da ƙashi da kayan ciki, kin ga an samu na miya da na farfesu.

Amma kafin ki miƙa kuɗi, ki san mutum nawa ne a kan saniyar, kuma a hannun wa kuɗin yake. Ranar rabo ki je da ƙafarki. Na taɓa aika yaro, ya dawo mini da kitse da ƙashi yana murna wai nasa ya fi nauyi. Sannan ki tambayi wanda zai yanka. Idan kina kai wa maƙwabta Musulmi shinkafar Kirsimeti, a kira Musulmi ya yanka kamar yadda iyayenmu suka saba, don kowa ya ci hankali kwance. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ki soya naman ranar, ya soyu sosai, ki bar shi ya tsane. Sanyin hunturu zai taimaka miki.

Ki kuma faɗa wa maigida kada ya taɓa cittar iri. Tun bayan cutar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023, wanda ya sayar da irinsa ya san wahalar sake samu. Ga kuɗin makaranta yana jira a Janairu.

Anti, yau 15 ga Disamba, ban kai ɗinkin yara ba. Telanmu a Zonkwa ya ce in kawo, zai gama.
Wani uba

Ɗan'uwa, zai ce haka mana. Leƙa shagonsa ka ga tarin atamfa da ankon mata masu zumunta na coci da ke gabanka. Bana ka saya musu ɗinkakku, ko ka zaɓi gwanjo mai kyau a wanke a goge, ka haɗa da rigar sanyi. Yadin kuma a ajiye wa Ista.

Anti, daga Kaduna zan je gida Kagoro. Yaushe ya fi in tashi?
Ɗalibi

Ƙanena, kada ka kai 24 ga wata, kuɗin mota yakan hau, tasha kuma ta cika. Ka yi sammako don ka isa da rana. Ka riƙe tsabar kuɗi, masu POS na ƙauye sukan ƙara caji ko kuɗinsu ya ƙare. Idan za ka tsaya bikin Afan, wato bikin gargajiya na mutanen Kagoro, ranar 1 ga Janairu, ware kuɗin komawa tun yanzu, ka ba Mama ta ɓoye maka.