Reza mai baki biyar ko mai baki ɗaya?

Tambaya: Malam, duk sanda na yi aski sai ƙuraje sun feso mini a ƙarƙashin haɓa da wuya, ga ƙaiƙayi. Abokina ya ce in sayi reza mai baki biyar, wai ta fi. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Irin wannan reza, kamar Gillette Fusion da ta fito a 2006, an ƙera ta ne don aski ya fita tas. Bakin farko yana ɗan janyo gashin sama, na bayansa su datse, sai guntun ya koma ya lafe ƙasa da fata. Mai miƙaƙƙen gashi bai cika samun matsala ba. Amma idan gashinka murɗaɗɗe ne, da ya fara tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar da tsininsa, wurin ya kumbura. Ƙurajen da kake gani ke nan.

Da farko ka ba fuskarka hutu. Bar aski na mako uku zuwa huɗu, kuma don Allah ka daina tsokanar ƙurajen da farce ko allura, don hakan ke barin baƙin tabo. Idan sun lafa, ni kilifa zan zaɓa maka, a saita ta yadda za ta bar ɗan tsiron gashi kamar milimita 1. Ba za ka samu sulɓi ba, amma wuyanka zai samu lafiya.

In kuwa dole sai da reza, nemi mai baki ɗaya. Kafin ka ɗora ta, shafa yatsa a gemun ka ji inda gashin ya kwanta. A kumatu yakan yi ƙasa, amma a wuya sau da yawa gefe yake karkata, ko ya yi sama kusa da maƙogwaro, kuma a nan mutane ke jin jiki. Bi kwanciyarsa. Jiƙa fuska da ruwan ɗumi na mintuna kaɗan, shafa kumfar aski, ka ja rezar a hankali ba tare da dannawa ba, kana ɗauraye ta bayan kowane ja. Kada ka miƙar da fatar da ɗaya hannun. Bayan aski 5 zuwa 7, canza bakin, tun kafin ya dakushe ya fara fizgar gashi. Idan ƙurajen suka ɗuri ruwa ko suka zama tauri, sai likitan fata.

Tambaya: Ni da ƙanena reza ɗaya muke amfani da ita, muna dai wankewa. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, babba ma. Ɗan yankan da ido ba ya gani yana barin jini a bakin reza, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7. Ɗauraya da ruwa ba ta kashe ta. Saya wa ƙanenka tasa yau, ku bambanta launi, kowa ya ajiye tasa inda za ta bushe.